Tambaya da Amsa: Zaɓen Intanet ɗin Gida da Layin Waya a Sakkwato

Uku daga cikin wasiƙun da suka iso mana a wannan karon daga Jihar Sakkwato suke, kuma duk a kan magana ɗaya suka tsaya, wato kamfanin sadarwar da ya kamata mutum ya damƙa wa kuɗinsa. Mun haɗa su wuri ɗaya domin amsar kowace tana taimaka wa ta 'yar'uwarta.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne, ma'aikacin gwamnati, kuma wata mai zuwa in Allah ya yarda zan tashi daga gidan hayar da nake ciki a Mabera in koma gidan da na gina a bayan Arkilla. Mu takwas ne a gidan, ciki har da yara biyu da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da uwargida da ke sayar da atamfa da turare ta WhatsApp. Yanzu kowa data yake saye a wayarsa, kuma idan na haɗa lissafi a ƙarshen wata abin yana ba ni tsoro. Ina so in sa intanet guda ɗaya na gida wanda kowa zai hau, kuma ina tunanin in mayar da layin wayata kamfanin da na zaɓa, domin wanda nake kai yanzu kira yana yawan yankewa. Wani abokin aikina ya ce in sayi rauta mai 5G, wato na'urar da ake sa wa layi ta raba intanet ga wayoyin gida, wani ya ce Starlink kawai, mai aiki da tauraron ɗan'adam, surukina kuma ya ce in jira faiba, wato intanet ɗin da ake jawo wayarsa har gida. Shawarar wa zan bi? Daga Magidanci, Mabera.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya sanya alheri a sabon gida, ya sa a shiga a sa'a. Mutanen nan uku da suka ba ka shawara ba wanda ya yi maka ƙarya, sai dai kowannensu labarin gidansa ya ba ka, kai kuwa gidanka kake nema wa intanet. Ƙarfin sabis ba abu ne da kamfani yake raba wa gari daidai wa daida ba. Ya danganta da nisan da ke tsakanin gidanka da turken sadarwa mafi kusa, da yawan mutanen da ke kan wannan turke a lokaci guda, da kuma irin bangon da sabis zai ratsa kafin ya iske ka a ɗaki. Saboda haka kamfanin da yake gudu a Gawon Nama yana iya yin rarrafe a bayan Arkilla, kuma wanda ya gallabe ka a Mabera yana iya zama shi ne mafi kyau a sabuwar unguwarka. Wannan ya fi faruwa a unguwannin da gine-gine suke ta miƙewa, inda gidaje sukan riga turaku isa.

Don haka kada ka fitar da ko sisi kafin ka yi gwaji a cikin gidan kansa. Manyan kamfanonin waya huɗu ne a Najeriya, wato MTN da Airtel da Glo da kuma T2, wanda aka sani da 9mobile kafin ya sauya suna a 2025. Ba sai ka sayi layukansu duka ba, tunda a gida mai mutum takwas da wuya a rasa mai biyu ko uku daga cikinsu, sauran kuma ana iya aro wayar ɗan'uwa ko maƙwabci na ɗan lokaci. Ka je da wayoyin sabon gidan, ka gwada kowane layi a falo, da ɗakin kwana, da ɗakin da yara za su riƙa karatu, da kuma bakin tagar da ta fi fuskantar fili. Kada ka dogara da 'yan layukan da ke nuna ƙarfin sabis a saman waya, domin suna iya cika taf alhali hoto ɗaya ya ƙi buɗewa. Abin da suke nunawa shi ne wayarka tana jin turke, ba wai turken yana da sauran wurin da zai ɗauke ka ba. Ka yi amfani da manhajar Speedtest ko shafin fast.com, ko kuma ka bi hanya mafi sauƙi, ka kira wani ta bidiyo na minti biyar ka ga ko hoton zai riƙa daskarewa.

Lokacin da za ka yi gwajin ya fi komai muhimmanci. Da hantsi, lokacin da jama'a suke kasuwa da ofis da makaranta, kusan kowane layi gwani ne. Ka koma bayan sallar isha'i, tsakanin ƙarfe takwas da goma sha ɗaya na dare, lokacin da unguwa gaba ɗaya ta hau YouTube da TikTok, domin a lokacin ne iyalanka ma za su fi buƙatarsa. Layin da ya ba ka megabit 10 zuwa 15 a daƙiƙa a irin wannan lokaci ba tare da tangal-tangal ba ya fi wanda ya ba ka 60 da safe ya koma 2 da dare. Ka kuma duba gudun ɗorawa, ba na saukewa kaɗai ba, saboda uwargida aikinta tura hotuna da bidiyon kaya ne, yara kuma za su riƙa tura aikin makaranta da shiga darasi ta bidiyo. Kafin ka bar unguwar, ka tsaya wurin mai POS ɗin da ke bakin layi ka tambaye shi wane layi ne a cikin na'urarsa, kuma wanne yake komawa idan wancan ya ƙi. Abincinsa ya rataya ne a kan sabis ɗin wannan kwanar, kuma ba shi da abin da zai sayar maka, don haka na fi yarda da maganarsa fiye da ta kowane allon talla.

Game da rauta mai 5G, MTN ya fara wannan sabis a Najeriya a 2022, Airtel kuma ya biyo baya a 2023, kuma dukansu daga manyan birane suka faro suna faɗaɗawa unguwa bayan unguwa. Zangon da 5G ɗin ƙasar nan yake aiki a kai, wato gigahaz 3.5, yana ɗaukar kaya da yawa amma ba ya nisa, kuma ba ya ratsa bangon siminti da rufin kankare kamar ƙananan zanguna irin megahaz 800 da ake amfani da su a 4G. Idan babu 5G a ƙofar gidanka, rautar za ta koma 4G ne ta ci gaba da aiki, wato ka biya kuɗin abin da ba ka samu ba. Ka nemi wanda yake da waya ko rauta mai 5G ya zo da ita gidan a gani da ido. Idan alamar ta fito kuma ta tsaya a cikin ɗaki, ba a tsakar gida kawai ba, to abokin aikinka ya yi gaskiya, ka saya.

Sai maganar yawan data, wadda a nan ne magidanta da yawa suke shan mamaki. Kowa a gidan ya duba abin da ya ci a watan da ya wuce, wanda ake gani a saitin kowace wayar zamani, ku haɗa jimilla, sannan ka sa a ranka cewa za ku ci fiye da haka. Dalili kuwa shi ne, da zarar waya ta hau waifai sai ta ɗauka ta samu na banza, ta shiga sabunta manhajoji da adana hotuna a intanet da kanta, bidiyo kuma ya koma buɗewa da hoto mafi kyau. Kallon bidiyo na awa ɗaya yana cin wajen gigabait 1 idan hoton matsakaici ne, yana kuma iya kaiwa 3 idan mai tsananin kyau ne. Ke nan idan mutum huɗu kawai suka yi kallon awa ɗaya kowace rana da matsakaicin hoto, an tashi gigabait 120 a wata, ba a ma zo kan karatu da kasuwanci ba. Saƙonnin WhatsApp da kiran murya ba su ne suke cinye data ba, bidiyo ne, musamman idan akwai talabijin mai hawa intanet a falo.

A nan ne za a nuna maka tsarin da ake kira mara iyaka. Yawancin irin waɗannan tsare-tsare suna da sharaɗi a ƙasa da ƙananan haruffa, cewa idan ka ci wani adadi za a rage maka gudu har ƙarshen wata, wasu kuma tun farko an ƙayyade gudun da ba za ka wuce ba. Ka tambayi mai sayarwa bayan gigabait nawa ake rage gudun, zuwa nawa ake rage shi, kuma ina makomar ragowar data idan wata ya ƙare ba ka cinye ba. Idan ya fara kame-kame, ka ce ya nuna maka a rubuce. Ban kawo farashi a nan ba da gangan, domin tun da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanoni ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025 aka sauya tsare-tsare da dama, kuma farashin da wani ya gaya maka bara ba lallai ne ya zama na yau ba. Lambar *312# tana nuna tsare-tsaren data a kowane layi, *323# kuma tana nuna ragowar da kake da ita. Ka fara da biyan wata ɗaya. Duk rangwamen da za a yi maka a kan biyan wata shida ko shekara, ka bari sai ka ga yadda sabis ɗin zai kasance a cikin wata biyu na farko.

Ita kanta rautar iri biyu ce. Wadda kamfani yake sayarwa da araha, har da kyautar data, yawanci a kulle take, ba ta karɓar layin kowa sai nasa. Wadda take a buɗe ta fi tsada, amma duk ranar da sabis ya lalace sai ka zare layi ka sa wani. Ga wanda zai koma sabuwar unguwa, inda turken da yake wadatar gida ɗari yau zai iya ɗaukar gida ɗari biyar baɗi, ni ta buɗe nake ba da shawara. Ka ajiye ta a wuri mai tsayi kusa da tagar da gwajinka ya nuna ta fi sabis, ba a ƙasan talabijin ko cikin kabad ba, amma kada rana ta riƙa dukanta kai tsaye. Zafin Sakkwato a watannin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, na'urar da ta yi zafi kuwa takan rage gudu ko ta riƙa kashe kanta tana kunnawa, sai a ɗora laifin a kan kamfani. Rauta ba ta da cin wuta, abin da take ja bai fi na ƙwan fitila ɗaya ko biyu na zamani ba, saboda haka ɗan ƙaramin batirin da ake sayarwa dominta zai riƙe ta awanni idan an ɗauke wuta. Ƙaramar nan ta aljihu da ake kira MiFi kuwa ta tafiye-tafiye ce, ba ta gida mai mutum takwas ba, kuma barinta a jone dare da rana cikin zafi yana kumbura mata batir.

Surukinka ya yi daidai da ya ce faiba ta fi, domin ba ta damu da bango ko cunkoson turke ba, kuma gudunta na dare da na rana kusan ɗaya ne. Amma tambaya ɗaya ce a kanta: wayar faibar ta iso layin gidanku ko ba ta iso ba? Idan ta iso, ka nemi gidan da aka riga aka ja wa, ka tambaye su kwana nawa ake ɗauka kafin a gyara idan masu aikin hanya ko magudanar ruwa suka tsinke ta. Idan ba ta iso ba, kada ka zauna jiran alkawari.

Starlink kuwa ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, ita ce ma ƙasa ta farko a Afirka da ya shiga. Faifansa yana magana ne kai tsaye da taurarin ɗan'adam da ke shawagi a nisan kilomita 550 ko kusa da haka, don haka bai damu da ko akwai turke a unguwa ba. Sai dai kayansa kaɗai dubban ɗaruruwan naira ne, ga kuɗin wata, ga kuma wutar da yake ja wadda ke iya kaiwa wat 100 gwargwadon samfurin, abin da ke nufin sai da sola da inbata idan ana so ya kwana yana aiki. Yana buƙatar sararin sama da babu itace ko bene a gabansa, ruwan sama mai ƙarfi yakan katse shi na ɗan lokaci, kuma ba ya ba ka lambar waya. A ganina, gidan da ke cikin birnin Sakkwato kuma gwaji ya nuna yana da 4G mai kyau ba shi da buƙatar wannan ɗawainiya. Inda yake da amfani sosai shi ne makaranta ko asibiti ko gidan gona da ke wajen gari, ko babban gida na gandu da za a haɗa kuɗi a biya.

Maganarka ta ƙarshe ita ce ta haɗa layin waya da intanet ɗin gida a kamfani ɗaya, kuma a nan ban goyi bayanka ba. A ranar 14 ga Maris 2024 wasu manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gabar Afirka ta Yamma, kuma ba duk kamfanoni abin ya taɓa daidai da juna ba. Abin da ya fi wannan yawan faruwa shi ne a tsinke wayar wani kamfani a kan hanya, sabis ɗinsa ya ɗauke a gari na wasu awanni alhali na wani yana aiki. Idan rauta da wayoyin gida duk na kamfani ɗaya ne, ranar da ya faɗi ba ku da ko hanyar tura kuɗin cefane. Ka ba rauta layin da ya ci gwajin data, ka bar wayarka a wani. Yankewar kiran da kake fama da ita ma ka bari sai ka tare, wataƙila matsalar ta tsohon gidan ce. Idan ta biyo ka, amsar da ke tafe ta shafe ka.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Lambar da nake amfani da ita ta daɗe a hannuna, ita ce a banki, ita kuma duk masu sayen kayana suka sani. Sabis ɗin kamfanin ya lalace a unguwarmu, amma ina tsoron sauya layi in rasa mutane. Akwai mafita? Daga wata 'yar kasuwa, Runjin Sambo.

Amsa: Hajiya, akwai mafita, kuma ta daɗe. Tun watan Afrilun 2013 aka ba masu waya a Najeriya damar komawa wani kamfani da lambarsu yadda take, shi ya sa yanzu ganin 0803 ko 0805 a farkon lamba ba ya tabbatar da kamfanin da mai ita yake kai. Ofishin kamfanin da kike so ki koma za ki je, ba na wanda za ki bari ba, da wayarki da lambarki ta NIN. Za su cike miki takarda, su sa ki tura kalmar PORT zuwa 3232 daga tsohon layin, su ba ki sabon sim. Ba a biyan kuɗin sauyawar, kuma bisa ƙa'ida ba ta wuce kwana biyu.

Inda mata da yawa suke samun cikas shi ne rajista. Idan maigida ko ɗanki ne ya yi wa layin rajista da sunansa shekarun baya, to a idon kamfani shi ne mai layin, kuma sai an gyara wannan tukuna, ko ya je da kansa. Ki cinye kuɗin kira da datar da ke kan tsohon layin domin ba za su bi ki ba, ki biya bashin kati idan kin ci, ki kuma kwashe lambobin da ke ajiye a kan sim ki mayar da su cikin waya. WhatsApp ɗinki ba abin da zai same shi tunda lambar ba ta canza ba, haka ma asusun banki, ko da yake saƙon banki yana iya ɗan jinkiri a ranar sauyawar, don haka kada ki zaɓi ranar da kike jiran kuɗin kaya. Bayan kin koma akwai wa'adin da sai ya cika kafin a bar ki ki sake sauyawa, saboda haka ki ari wayar wani ki gwada sabon kamfanin a ɗakinki da shagonki tukuna.

Abin da nake gargaɗinki a kai shi ne ki sayi sabon layi ki jefa tsohon a durowa. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani, kuma wannan baƙon ne zai riƙa samun saƙonnin bankinki. Idan kuma kina so ki fara kai ƙara kafin ki yanke shawara, ki kira 300, wadda ita ce lambar kula da abokan hulɗa a kowane layi, ki karɓi lambar ƙorafinki ki rubuta. Idan ba a yi komai ba, ki kira NCC kyauta a 622 ki ba su wannan lambar.

Tambaya: Malam, ni a Illela nake da shago da gida. Sau da yawa wayata takan koma kan sabis ɗin Nijar da kanta, kuɗina su ƙare ban san dalili ba. Ina so in sa intanet a shago, kuma wani ya ce in sayi na'urar ƙara ƙarfin sabis. Daga mai shago, Illela.

Amsa: Alhaji, tsakaninku da Birnin Ƙonni na Nijar ba nisa, sabis kuma bai san iyakar ƙasa ba. Idan turken Nijar ya fi na Najeriya ƙarfi a inda kake tsaye, wayar da aka bari ta zaɓi sabis da kanta za ta kama shi, a riƙa cajinka kuɗin wanda ya fita ƙasar waje kana zaune a shagonka. Ka shiga saitin waya wajen zaɓen kamfanin sadarwa, ka cire shi daga zaɓen kai tsaye ka zaɓi kamfaninka da hannu, sannan ka kashe amfani da data a wajen ƙasa. Haka za ka yi wa rautar ma idan ka saya.

Na'urar ƙara ƙarfin sabis da ake sayarwa a kasuwa kada ka saye ta. NCC ta hana amfani da irinta ba tare da izini ba, saboda tana dagula sabis ɗin maƙwabta har da turken kansa. Abin da ya halatta kuma ya fi aiki shi ne rautar da ake kafawa a waje, ko mai ramin haɗa eriya, a ɗaga ta a kan dogon ƙarfe sama da rufin kwano, a juya fuskarta kudu wajen turken Najeriya, a jawo waya zuwa cikin shago. Sau da yawa ɗagawar mita uku ko huɗu tana sauya komai a wurin da gine-gine ba su da tsayi.

Kuma tunda a yankin iyaka kake, ka tuna da 2021, lokacin da aka rufe sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda matsalar tsaro. Irin wannan rufewa tana shafar duk kamfanonin da ke aiki da turaku a lokaci ɗaya, don haka layi biyu ba sa maganinta. Idan cinikinka ya dogara da tura kuɗi ta waya ƙwarai, kai ne irin wanda Starlink zai iya yi wa rana, musamman idan kana da sola a shagon. Idan kuna tunanin haɗa kuɗi da maƙwabtan shago ku yi amfani da faifai ɗaya, ku karanta sharuɗɗan tsarin da za ku saya tukuna, domin wanda aka yi don gida daban yake da wanda aka yi don kasuwanci.